Wa ke duba takardar da muke bai wa ɗan aiken AI? Gwaji daga fadamar Argungu

Idan kana bibiyar labaran fasaha, ka lura cewa maganar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta tashi daga manhajar da ke amsa tambaya ta koma manhajar da ake aika. Irin wannan za ta iya duba maka hasashen ruwan sama, ta nemo farashin kaya, ta yi lissafi, har ta tura kuɗi idan an ba ta dama. A wannan rubutu za mu riƙa kiranta ɗan aike, tunda aikinta ke nan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ɗan aiken nan ba ya ganin cikin kayan aikin da yake amfani da su. Wata 'yar takarda kawai ake miƙa masa, wadda wani mai shirya manhaja ya rubuta, tana cewa wannan kayan aiki sunansa kaza, yana yin kaza, ka ba shi kaza. A kan 'yan layukan nan yake yanke shawara. Matsayata a nan ita ce, da yawa daga takardun da ake rubutawa, har da waɗanda ake koyar da sababbin masu shirya manhaja da su, ba su isa ka aiki yaro kasuwa da su ba. Kuma yadda ake auna ingancinsu ba ya kama irin kuskuren da zai cuci manomin shinkafa a Jihar Kebbi. Bari mu bi abin daki-daki, ka yi alƙalanci da kanka.

Yaya abin yake aiki?

A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya fito da tsarin da ke bai wa manhajarsa damar kiran kayan aiki na waje. A watan Nuwamban 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida da ake kira MCP, wadda ta sa kowa zai iya haɗa kayan aikinsa da kowane ɗan aike ta hanya ɗaya. A 2025 OpenAI da Google ma sun karɓe ta. Yanzu kayan aikin da aka shirya a kan wannan ƙa'ida sun kai dubbai.

A duk tsarin, abu uku ɗan aike yake gani: sunan kayan aikin, bayaninsa da aka rubuta da maganar mutane, sai guraben da zai cike, kamar wuri ko kwanan wata ko adadi. Idan ka yi masa tambaya, sai ya duba jerin takardun da ke gabansa, ya zaɓi ɗaya, ya cike guraben. Wata manhajar daban ce ke aiwatar da aikin ta dawo masa da sakamako, shi kuma ya juya maka shi cikin magana mai daɗi.

Ka ga ke nan akwai wurare uku da abu zai iya karkacewa. Zai iya ɗaukar kayan aikin da bai dace ba. Zai iya ɗaukar wanda ya dace amma ya cike gurbi ba daidai ba. Zai kuma iya yin komai daidai, ya karanta sakamakon a baibai. Duka ukun suna rataye a wuyan takardar.

Kwatanta da baƙon da ya sauka Argungu lokacin bikin kamun kifi, aka zube masa homa da birgi da taru da mamari, kowanne an liƙa masa takarda mai cewa "na kama kifi ne". Babu ƙarya a cikin takardun, amma babu wadda ta gaya masa wanne ake shiga Matan Fada da shi ranar gasa, wanne ne sai da jirgi da mutane da yawa, wanne ake kafawa a bari ya kwana. Ɗan Bakabe ya san wannan tun yana ƙarami. Ɗan aiken AI kuwa kullum baƙo ne, kuma baƙon da ba ya son ya ce bai gane ba.

Misalin da ya koya wa kowa gajarta

Misalin da OpenAI ya yi amfani da shi wajen gabatar da tsarin a 2023, wanda aka yi ta kwafa a darussa ba iyaka, na duba yanayi ne. Bayaninsa jimla ɗaya ce: yana kawo yanayin da ake ciki a wurin da aka ba shi. A gurbin wuri kuma an ce a saka gari da jiha, aka ba da misali da San Francisco ta Amurka. A matsayin misalin koyarwa ba shi da laifi, ai an yi shi ne don a nuna yadda tsarin yake. Matsalar ita ce mutane sun ɗauke shi a matsayin ma'aunin yadda ake rubutawa.

To kawo shi gida. Manomi ya rubuta, "Za a yi ruwa gobe a Birni?" Shi Birnin Kebbi yake nufi. Amma akwai Birnin Kudu a Jigawa, da Birnin Gwari a Kaduna, da Birnin Ƙonni a Nijar, ga Birnin Yauri a cikin jihar Kebbin kanta. Idan ya ce Kebbi, akwai ƙaramar hukumar Kebbe a Jihar Sakkwato, akwai kuma yankin Mayo-Kebbi a ƙasar Chadi. Wani zai rubuta Kabi, wani Argungun. Takardar ba ta ce komai ba a kan abin da za a yi idan suna ya dace da wurare da yawa, don haka ɗan aike zai zaɓi ɗaya ya wuce, kuma amsar za ta fito da cikakken ƙarfin gwiwa. Sannan kayan aikin na yanayin yanzu ne, mutumin kuwa gobe ya tambaya. Tunda takardar ba ta ce "kada a yi amfani da ni don hasashe" ba, kuma babu wani a kusa, abu ne mai sauƙi a kawo masa zafin ranar yau a matsayin amsa.

Awo: inda asarar take

Babbar aibar irin waɗannan takardu ita ce shiru a kan ma'auni. Duniyar kimiyya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta da ta aika duniyar Mars, saboda wata manhaja tana fitar da lissafi da ma'aunin da Amurkawa suka saba da shi, wadda ke karɓa kuma tana zaton ma'aunin mita ne. Ƙwararrun injiniyoyi ne a ɓangarorin biyu. To ina ga ɗan aiken da ba ya iya ɗaga waya ya tambaya?

Ɗauki lissafin taki. A ce takarda ta ce gurbin farko "girman gona" ne, ba ta ƙara komai ba. Bahaushe yana cewa kadada, wani lokaci yana nufin eka, wani lokaci hekta. Hekta ɗaya kuwa ta kai kusan eka biyu da rabi. Idan kayan aikin hekta yake jira, manomi kuma eka yake nufi, za a ce masa ya sayi takin da ya ninka bukatarsa kusan sau biyu da rabi. Haka nan sakamakon: masana sukan ba da shawara da kilon sinadarin naitirojin, manomi kuwa buhun yuriya yake saye. Kashi 46 cikin 100 na yuriya ne naitirojin, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 kacal. Idan takardar ba ta fayyace wanne lambar ke nufi ba, ɗan aike zai iya karanta kilon naitirojin a matsayin kilon yuriya, manomi ya zuba ƙasa da rabin abin da shinkafarsa ke so.

Farashi ma haka. "Farashin buhun shinkafa" a Kebbi ba magana ɗaya ba ce. Shanshera da manomi ke kai wa masana'antu irin su WACOT a Argungu ko Labana a Birnin Kebbi daban, gyararriya mai kilo 50 da ke fitowa daga injin daban, ta gida da mata ke turarawa su sayar da kwano ita ma daban. Farashin ranar kasuwar da ta wuce ne, ko na watan jiya? Duk takardar da ba ta amsa waɗannan ba ta bar wa ɗan aike ya yi canki-canka da gumin mutum.

Mafi tsanani shi ne kuɗi. Kamfanin Paystack, alal misali, yana karɓar adadin kuɗi da kwabo, kuma ya rubuta hakan ƙarara a bayanansa. Amma idan mai shirya manhaja ya naɗe wannan hanya ya miƙa wa ɗan aike da gurbi mai suna "adadi" kawai, gargaɗin ya tsaya a can baya. Naira 50,000 da aka rubuta yadda take za ta zama naira 500. Idan kuma aka samu akasin haka, wato kayan aikin naira yake jira aka ba shi kwabo, 50,000 ta koma miliyan 5.

Takardar da ta faɗi aibinta

Don kada ka ce suka kawai muka iya, ga inda aka yi abin kirki. Akwai wata hidimar bayanan yanayi ta intanet mai suna Open-Meteo, wadda ke ba da hasashen ruwan koguna daga tsarin GloFAS na shirin Copernicus na Tarayyar Turai. A bayaninta ta faɗi cewa lissafin yana kasa ƙasa ne gida-gida, kowane gida kusan kilomita 5, don haka ba lalle ba ne ya kama kogin da ya fi kusa da kai daidai, har ta ba da shawarar a ɗan matsar da lambobin wurin a gwada. Wannan shi ne irin gaskiyar da ake nema: kayan aiki ya gaya maka inda yake yoyo.

Amma fa mutum aka rubuta wa wannan gargaɗi, a shafin da mutum ke karantawa. Idan wanda ya haɗa shi da ɗan aike ya taƙaita shi zuwa "yana kawo hasashen ambaliya", ka ga abin da ya zube a hanya. Na farko, lambar da yake bayarwa yawan ruwan da ke wucewa ne a daƙiƙa ɗaya, da kubik mita, kowane ɗaya lita 1,000. Ba ta gaya maka tsayin da ruwan zai kai a gonarka ba. Na biyu, fadamar da ta bi ta Argungu zuwa Birnin Kebbi tana da faɗi, ruwan ya rarrabu hanya-hanya, don haka kuskuren gida ɗaya zai iya kai ka wani ƙaramin rafi ka ga lamba 'yar kaɗan, hankalinka ya kwanta. Na uku, a sama akwai madatsar Goronyo a kan Rima da ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, kuma lissafin da aka yi daga nesa ba ya jin shawarar da masu kula da madatsa suka yanke yau da safe. Ko sunan ruwan ma, wani ya ce Rima, wani ya ce kogin Sakkwato, mutanen wurin su ce Gulbin Kabi.

Wanda ya ga damina ta 2020 ya san wannan ba wasa ba ne. Ambaliyar shekarar ta shanye dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa a Kebbi, jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a cikinta a watan Nuwamban 2015. Mutumin da ya tambayi ɗan aike ko ya yanke shinkafarsa yanzu ko ya ƙara mata mako ɗaya, abincin shekara ya ɗora a kan amsar, wani ma har da bashi.

Da ni zan rubuta takardar, ga kusan yadda za ta kasance: "Yana kawo hasashen yawan ruwan da zai wuce ta kogi a kowace rana, da kubik mita a daƙiƙa. Ba ya nuna tsayin ruwa, kuma ba ya nuna ko wata gona za ta nutse. Lissafi ne daga nesa, yana iya kama rafin da ba shi ake nufi ba; idan lambar ta yi ƙanƙanta ga babban kogi, a sake gwadawa da wuri na kusa. Bai san labarin sakin ruwa daga madatsa ba. Idan sunan wuri ya dace da garuruwa fiye da ɗaya, a tambayi mai magana kafin a kira. Kada a ce wa mutum babu haɗari bisa wannan kaɗai. A tura shi ga sanarwar hukumomin NIHSA da NiMet da jami'an yankinsa." Jimloli bakwai ke nan, kuma kusan rabinsu a kan abin da kayan aikin ba ya yi suke magana.

Me masu auna inganci suke aunawa?

Kamfanonin da kansu sun san muhimmancin abin. Jagorar Anthropic ta ce a rubuta aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane kayan aiki. A wani rubutu da suka fitar a watan Disamban 2024, injiniyoyinsu sun ce a wani gwaji sun fi ɓata lokaci wajen gyara kayan aiki fiye da gyara babban umarnin, kuma sun kawar da wani kuskure da ke ta maimaituwa ta hanyar tilasta wa ɗan aike ya rubuta cikakken adireshin fayil. Shawara ce mai kyau, amma yawan jimla ba shi ne inganci ba. Za ka iya cika jimla huɗu da kirari, ka ce kayan aikin yana da sauri, yana da ƙarfi, na zamani ne, ba ka ambaci hekta ko kwabo ba.

Akwai kuma jarrabawar da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fara a 2024, wadda ke jera manhajoji bisa iya kiran kayan aiki. Tana da amfani, har tana duba ko manhaja za ta ƙi kira idan babu wanda ya dace. Sai dai ɗan aiken take aunawa, takardar kuma an ɗauke ta a matsayin abin da aka riga aka gama. Manhajar da ta zo ta ɗaya a can za ta iya faɗuwa a Argungu idan aka ba ta takardar da ba ta san kadada ba.

Wani zai ce, ai manhajojin suna ƙara wayo, nan gaba za su gane da kansu. Gaskiya ne suna ƙara iya cike giɓi, amma wayo ba ya samar da labarin da ba a ba ka ba. Ko farfesa ka ba gurbi mai suna "adadi", sai dai ya yi zato. Wani kuma zai ce dogon bayani yana cin kuɗi, tunda ana tura takardun duka tare da kowace tambaya, kuma ana biya gwargwadon yawan rubutu. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma maganinsa shi ne a rage yawan kayan aikin da ake jibga wa ɗan aike, a cire masu kama da juna. Na uku zai ce, gyaran a cikin manhajar ya kamata a yi shi, a sa ta ƙi karɓar girman gona sai an faɗi eka ko hekta. Da wannan na yarda ɗari bisa ɗari. Duk abin da za a iya kullewa, a kulle shi. Amma ba a iya kulle "kada ka kwantar wa mutum da hankali da wannan lamba". Irin wannan sai an faɗa da baki.

Takardar da ke ɗauke da guba

Tunda ɗan aike yana bin abin da takarda ta ce, duk wanda ya rubuta takardar yana da hannu a kan linzaminsa. A watan Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda mai amfani ba ya gani amma ɗan aike yana karantawa. A gwajinsu sun sa ɗan aike ya kwashi saƙonnin WhatsApp na mai shi ya tura wani wuri. Don haka idan ƙungiyar manoma ko wani ofishi zai ɗauko kayan aiki daga intanet, tambayar farko ita ce wa ya rubuta takardar, an karanta ta gaba ɗaya kuwa, kuma za ta iya canzawa bayan an amince da ita ba tare da an sani ba?

Yadda za ka gwada da kanka

Ba ka bukatar babban ɗakin bincike. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko a Kwalejin Waziri Umaru zai iya yin wannan a matsayin aikin kammala karatu.

Fara da ba wa mutum takardar. Nemi malamin gona wanda bai taɓa ganin manhajar ba, ka ba shi takardar kaɗai, ka ce ya gaya maka yaushe zai yi amfani da ita, me zai saka, me zai samu. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, akwai rami a wurin. Shi ya tambaya, ɗan aike kuwa tsallakewa zai yi.

Sannan ka tara tambayoyi na gaske daga bakin manoma da masunta da 'yan kasuwa, yadda suka faɗe su, da Hausarsu ta yamma, kada ka gyara. Ka saka waɗanda ke da harshen damo, da waɗanda babu kayan aikin da ya dace da su. Ga kowace tambaya ka rubuta tun farko abin da ya kamata ya faru: a kira kaza, ko a nemi ƙarin bayani, ko a ce ba a sani ba.

Ka gudanar da kowace tambaya sau da yawa, domin amsar ɗan aike tana iya sauyawa daga gwaji zuwa gwaji. Ka ƙirga abu huɗu daban-daban: zaɓen kayan aiki, cike gurbi, tambaya a inda ya kamata, da yadda aka fassara sakamakon. Kada ka haɗa su ka fitar da maki ɗaya, domin kuskuren da ya sa mutum ya sake tambaya ba daidai yake da wanda ya sa ya bar shinkafa a bakin ruwa ba. Daga nan ka canza jimla ɗaya a takardar, ka sake gwadawa. Ta haka ne za ka san wace jimla ke aiki, wace ce ado.

Idan kuma kai mai amfani ne kawai, ka riƙe tambayoyi uku duk lokacin da manhaja ta ba ka lamba: na wane wuri ne, da wane ma'auni, kuma na yaushe ne? Idan ta kasa amsawa sarai, kada ka ɗora kuɗinka ko gonarka a kai. Masu shirya irin waɗannan manhajoji don manoman Kebbi kuma, kafin su fitar, su kai takardar gaban malaman gona da shugabannin masunta su karanta musu ita da Hausa. Abin da suka ce bai fito ba, a koma a rubuta shi.